Ƙarfen Bajamushe a Bakin Wutar Maƙera

Akwai wata safiya da na kai wa wani dattijo mutuwa har cikin rumfarsa, da hannuna, ina murmushi. Ko ƙarfe aka buga kusa da ni yanzu sai ranar ta dawo mini, don haka maganar mantawa ma ba ta taso ba.

A gidanmu na ƙauye, can wajen Miga, muna da wasu ƙarafa biyu da muka gada. Kakan babanmu ya yi soja lokacin da Turawa suka kwashi mutanenmu zuwa yaƙin Jamus a ƙasar Kamaru. Labarin da muka taso muna ji shi ne, ya tarar da wani hafsan Jamus cikin jini, ya goya shi zuwa inuwa, ya ba shi ruwa. Wai mutumin jarumi ne na gaske, ya daɗe a soja, ƙirjinsa duk lambobin yabo. Kafin ya cika ya ciro lamba ɗaya, baƙa mai hannu huɗu, ya ba kakanmu. Na biyun kuwa wani dunƙulen ƙarfe ne mai tsage-tsage, ya ɗan fi gwaiba girma, wanda kakan ya tsinta a jakar mutumin.

Mu dai a wajenmu maganin tsoro ne. Duk wanda zai fuskanci abu mai firgitarwa, sai a wanke su a ƙwarya a ba shi ya sha. Ni da aka sani da tsoro tun ina ƙarami, na sha ruwan tsatsar nan ya fi a ƙirga, kuma har yau kare ya yi haushi sai na sake hanya.

Da gida ya rabu, wasunmu suka koma Yalwawa a Dutse, sai rigima ta tashi kan wa zai riƙe su. Baffanmu, wanda shi ne babba a gidan, ya yanke hukunci: lambar ta zauna a ƙauye, dunƙulen kuma a kai maƙera a raba shi biyu. Ni aka zaɓa, wai ni ne ɗan boko. Na jefa shi a aljihu, na hau babur zuwa Kiyawa, yana ta dukan cinyata a kan gargada.

Maƙerin tsoho ne mai sanyin magana. Ya juya abin a tafin hannunsa, ya ce, "Ɗana, wane irin ƙarfe ne wannan? Ban taɓa ganinsa ba. Ka san cikinsa?"

Ban sani ba. Amma ga mutane zaune suna jiran a gyara musu garma, ga biro a aljihun rigata. Sai na ce, "Na sani mana, Baba. Adon sojan Turawa ne, ƙarfe ne zalla har ciki."

Ya ce to. Ya ajiye shi a gefen garwashi don ya fara ɗaukar zafi, ya ci gaba da zuga wuta.

Ana cikin haka wani tsohon soja ya shigo da gatarinsa. Ko sallamar bai ƙarasa ba, idonsa ya sauka a kan abin. Na ga fuskarsa ta canza. Bai yi ihu ba, kuma wannan ne ya fi tsorata ni. Ya ce a hankali, "Malam, daina zuga. Kada kowa ya taɓa komai. Gurneti ne. Ku fita ɗaya bayan ɗaya."

Wallahi ni na kasa fita. Ina jin mutane suna wuce ni suna salati, wani ya bar takalminsa, amma ni ina nan tsaye. Tsoron da na ji ba irin na kare ba ne. Ina kallon garwashin nan yana ja, ina ganin gefen ƙarfen ya fara hayaƙi, ina jira kawai in ji ƙara.

Maƙerin kuma ya ƙi fita. Bayan rumfar gidansa ne, matansa suna daka, muna jin lugudensu. Ya ce, "In na gudu, su fa?" Ya ɗauki awartaki, sojan yana ce masa, "Sannu, sannu, kada ya faɗi." Ya ɗauke shi daga bakin wuta, ya taka da shi taku biyar ko shida, ya kwantar da shi a kan yashi. Ban taɓa ganin tafiya mai tsawon wannan ba.

Da yamma 'yan sanda masu kwance bam suka zo daga Dutse, suka kai shi daji suka tashe shi. Daga inda muke tsaye sai da ƙasa ta motsa a ƙarƙashinmu. Baffa, da aka ɗauko shi daga ƙauye, ya zauna a ƙasa ya riƙe kai.

Na je ba maƙerin haƙuri, ina tsammanin zagi. Bai zage ni ba. Ya dube ni ya ce, "Ai na tambaye ka, ɗana. Da ka ce ba ka sani ba, da ban sa shi a wuta ba."

Gara ya mare ni. Na tsaya ina kallon jikokinsa suna leƙowa daga zaure, na kasa haɗa ido da kowa. Gado ba shi da laifi, jahilcin gidanmu ma Allah ya rufa masa asiri shekara da shekaru. Abin da ya kusa kashe mutane ranar nan kunyata ce ta in ce ban sani ba. Tun daga nan, in aka tambaye ni abin da ban sani ba, ko a gaban wa, ina buɗe baki in faɗa.