Waya a Gidan Takaba

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin inshora, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wadda na kai waya gidan takaba a wani ƙauye kusa da Buji.

Ku da kuka shigo aikin yanzu ba ku san yadda muka fara ba. Ni sai da na yaye ɗana na biyar na shiga ajin yaƙi da jahilci a Limawa. Ofishinmu na Dutse bai ɗauke ni don Turanci ba, ya ɗauke ni ne saboda ina shiga gidan da namiji ba ya shiga. Lokacin ba a daɗe da fara shari'ar Musulunci a jihar ba, wasu har a fuska suke ce mana muna caca da ajalin mutane.

Mamacin, Malam Sale, direba ne a wani kamfanin batir da ya yi wa ma'aikatansa inshorar rai. Ƙa'idar ita ce, ba a biyan iyali sai matar ta kira lambar hedikwata a Legas ta amsa tambayoyi da bakinta. Manajanmu ya ce in wata ya ƙare ba ta kira ba, maganar za ta fita daga hannunmu, biya kuma sai ranar da Allah ya yi. Ga marayu huɗu, ga rumbu babu komai.

Na cika wayar ofis da caji na hau mota. A zaure wan mamacin, Alhaji Buba, ya tare ni, ya ce mai takaba a gidansu ba ta magana da baƙon namiji, ko da ta waya ce. Na so in wanke shi tas, don ni bakina ba ya jiran izini. Amma da na shiga ciki, matar, Hanne, ta ce ita ma haka take so. Wannan ne abu na ƙarshe da za ta iya yi wa mijinta.

Sabis ba ya kamawa sai a gindin rumbu, nan muka shimfiɗa tabarma. Na kira, namiji ya ɗauka. Na ce a ba ni mace, ya ce babu wannan a tsarinsu. Na kashe na sake kira. Kowane kira sai an sa mini kiɗa ina jira, caji yana tafiya, kuma garin babu wuta. Namiji dai, namiji dai. Da cajin ya kusa ƙarewa, na haɗa ɗan Turancina da Hausa na sauke wa wanda ya ɗauka.

"Ɗan nan, kana da uwa? To wannan mijinta ne ya mutu. Tashi ka nemo mini mace, ko mai shara ce."

Na ji ya ajiye wayar bai kashe ba. Can sai ga muryar mace, Hausarta irin ta wanda ya tashi a Sabon Garin Kano. Kafin ta tambayi komai, sai da ta yi wa Hanne gaisuwa, ta tambayi yara. Sannan ta ce ta faɗi cikakken sunan mijinta.

Hanne ta sunkuyar da kai. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa kama sunansa ba, "maigidan" take cewa. Waya na ta ƙara, alamar za ta mutu, ni kuma zufa ta jiƙe mini mayafi, amma na kasa matsa mata.

Matar da ke kan layi ta ji shirun ta gane. Ta ce, "Mama, bari ni in faɗa. In shi ne, ki ce shi ne."

Ta karanta sunan a hankali, har da na mahaifinsa.

"Shi ne," in ji Hanne. Sai ta ƙara, "Wallahi shi ne," hawaye na zuba.

Da ƙyar aka gama sauran tambayoyin wayar ta ɗauke. An biya su kafin ta fita takaba. Ita kuwa matar da ta karɓi kiran, ban san sunanta ba har yau.

Abin da nake gaya wa duk wanda aka ɗora a kan wayar ofis ke nan: tambayoyin an rubuta muku, ko aku zai iya karanta su. Aikinku shi ne in mai kira ya yi shiru, ku saurari abin da ya hana shi magana.