Buhu Shida na Kawu Sale

Shekara tara ke nan da aka kai mijina Habibu makwancinsa a Gwaram. Na aure shi kaina cike da littattafan soyayyar da nake haya a kasuwar Birnin Kudu, ina jiran wasiƙa mai ƙanshin turare. Shi kuwa abin da ya iya rubutawa ƙa'idojin sitonsa ne: gonar da aka noma riɗi, wanda ya tankaɗe, tamfol ɗin da aka shanya a kai. Ni nake kwafe masa su da kyakkyawan rubutu, ina rarrashin zuciyata cewa wannan ma wasiƙa ce.

Burinsa ɗaya, takardar shaidar inganci da duniya ta yarda da ita. Yakan ce mai ita ba ya roƙon dillalan Kano. Masu fitar da kaya waje ne za su biyo shi har gida, don sun san buhun yau daidai yake da na gobe. Shekara biyu yana shiri, 'yan kasuwa suna kiransa Bature.

Ana gobe mai bincike daga masu ba da takardar zai zo, Kawu Sale, wan mahaifinsa, ya aiko da riɗi buhu shida daga Basirka a haɗa masa da na sito. A bakin kwalta aka shanya su, kowa ya sani. Na roƙi Habibu ya ajiye su a zaure. Ya ce ta yaya zai bar kayan wanda ya yi masa aure a waje kamar na bare? Ya jera su cikin sauran.

Mai binciken ya zura hannu a ɗaya daga cikinsu, ya fito da tsakuwa da kashin awaki. Ya tambaya gonar wa ce. Habibu ya sunkuyar da kai.

"Tawa ce," in ji shi.

Ba a ba shi takardar ba. Masu sayen suka janye, hawan jini ya ƙarasa sauran aikin.

Da zai leƙo yau, me zai ce? Tireloli suna lodi a sitonsa. Alhaji Iro, wanda ya fi kowa yi masa dariya, shi ya saye shi har da ƙa'idojin, ya bi su tiryan-tiryan, ya sami takardar, ya rataye ta a bango. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kawu Sale yana nan da ransa, har ya yi ƙiba. A wurin addu'ar bana ya shafa gemu ya ce, "Allah Ya jiƙan yaron nan. Akwai biyayya, sai dai bai iya kasuwanci ba."

Kowa ya ce amin. Abin da ya rage na Habibu a bakin mutane ke nan, kuma rabin da suke yabo shi ne ya kashe shi.