Ruwan Malam Hamajoda Ba Ya Kai Ɗari

Tun gashinsa yana baƙi Malam Hamajoda yake koyar da kimiyyar sinadarai a wata sakandare a Ngawundere, ga shi yau furfura ta cinye kan. Makarantar ba ta da ɗakin gwaji. Kayan aikinsa rishon matarsa ne, da tukunya, da ma'aunin zafi guda ɗaya da yake naɗewa a tsohuwar safa.

Duk farkon shekara darasin ɗaya ne. Ya ɗora ruwa, ya tsoma ma'aunin, yara su zo ɗaya bayan ɗaya su leƙa. Garin a kan tudu yake, shi ya sa ruwa ke tafasa a digiri casa'in da shida. Amma in ya karɓi takardunsu, kowa ɗari ya rubuta, yadda littafi ya ce.

"Ku kam idanunku na ado ne?" haka yake faɗa har muryarsa ta dishe. "Abin da ka gani za ka rubuta!"

Bana wata yarinya, Astajam, ta rubuta casa'in da shida. Har ya ji gajiyar shekaru ta fara sakinsa, sai ta ɗaga hannu.

"Malam, to ran babbar jarrabawa wanne za mu sa?"

Ya daɗe yana kallon tukunyar. Ya san masu ba da maki, shi ma ya sha zama cikinsu. Ya sunkuya ya kashe rishon.

"Ɗari, 'yata," ya ce. "Ki sa ɗari."