Batirin Jirgin Kumandan

Shekara uku na yi ina gyaran motoci a garajin Nasara a Maraɗi, kuma duk tsawon shekarun nan babana bai sauke hauyata daga jikin rumbu ba, can gidanmu a Jiratawa. Cewa yake aikin Nasara ba ya kai mutum tsufa. Ni kuwa na rantse ba ni ba noma har abada. Ina son aikin nan, har warin mai ina so.

Sai aka kawo mana sabon kumandan, Nasaran da ke mulkin gari, daga wata ƙasar bakin teku. Tun kafin ya iso ya duba taswira, ya ga an ja shuɗin layi an rubuta Gulbin Maraɗi, ya aika a sayo masa jirgin ruwa mai inji a baya. Jirgin ya iso cikin bazara, a bayan kamyo, babbar motar kaya. Lokacin kuwa gulbi yashi ne tsantsa, jakai na birgima a ciki. Babu wanda ya faɗa masa. Mu ba mu saba gyara wa Nasara taswira ba.

Injin irin wanda ake tayarwa da batir ne, sai aka ce ni zan zaɓa. Tafinta ya isar mini da saƙon kumandan a tsaye: ranar da ruwa ya zo, a gaban baƙi, in injin bai tashi bugu ɗaya ba, in nemi wani aikin.

Na zauna na yi nazari. Tayar da inji ba ya son komai sai ƙarfi na ɗan lokaci, da ya kama an gama. Na ware batirin wata ƙaramar mota, mai murfi shida, wanda mutum ɗaya zai ɗauka. Na goge kawunansa, na ƙara masa ruwa, na tsoma farfelar injin a ganga na gwada. Ya tashi lafiya lau.

Tafinta ya zo ya gani, ya ɓata rai. Wai babban mutum ba a ba shi ƙaramin abu, in baƙi daga garin Tsibiri suka ga wannan me za su ce? Ya nuna batirin kamyo, wanda sai ƙarti biyu sun kama. Na ce jirgin ƙarami ne. Ya ce kumandan ba ƙarami ba ne. Na ji haushi ƙwarai, amma shi ke da Faransanci a baki, ni sufana ce a hannuna. Na ɗaura babban. Wata uku ina renonsa, duk mako in ɗora shi a kamyo ya sha wuta in mayar.

Da damina ta kankama gulbi ya kawo, aka tara jama'a a bakin gaɓa. Kumandan ya shiga, matarsa ta shiga, tafinta ya shiga da babbar rigarsa. Na danna. Bugu ɗaya injin ya kama, har yanzu in na tuna ƙarar nan sai in ji daɗi. Jirgin ya yi kamar taku goma, farfela ta kafe a yashi, ya tsaya cak. Wasu mata masu zuwa kasuwa suka ratsa ta gefensu da ƙwarya a ka, ruwa iya gwiwa, suka gaishe su da ladabi suka wuce.

Dole a sami mai laifi, kuma ba a korar gulbi. Kumandan ya duba cikin jirgin, ya ga abin da ya fi komai nauyi ban da shi, ya tambayi wanda ya zaɓo wannan dutsen. Tafinta ya nuna ni. Na yi bayani da Hausa, ya juya da Faransanci, kuma gajarta bayanin ya yi sosai.

Jirgin ya koma kwamin ba dawakin gardawa, dogaran kumandan, ruwa. Batirin ya koma kamyonsa, ya ci gaba da jigilar gyaɗa zuwa Kano. Ni na kama hanyar Jiratawa a ƙasa, sufanata a aljihu.

Na tarar da babana a gindin rumbu, labari ya riga ni isowa. Bai yi dariya ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi.

"Injin ya tashi dai?"

"Ya tashi, Baba. Bugu ɗaya."

"Madalla. Ɗauko abarka, gero na son maimai."

Da na sauko da hauyar, sai na ga ya sake mata sabuwar ƙota.