Bajamushen Gitata

"Ku sayar da gonar gadon nan kawai, ni Jamus zan tafi wurin dangina."

Ƙanena ke nan, ranar Lahadi bayan an taso daga coci, muna zaune gaban Kaka a gidanmu na Keffi.

Sunan gidanmu Beck. Tun da ya bincika a waya ya ga sunan na Jamusawa da Turawan Ingila ne, har Amurka cike take da masu shi, ya daina cin tuwo da hannu. Wai ko hancinsa aka duba an san shi ba ɗan nan ba ne. Hancin da ya cinye rabin fuska!

Kaka ta bari ya gama, sannan ta ce, "Ɗan nan, surukata ta ba ni labari. Ranar da ta haifi kakanka, motar wani Bature ta lalace a garinmu Gitata, ya sha ruwa a ƙofar gida. Mu kuwa a da, baƙon da ya zo ranar haihuwa, sunansa ake sa wa yaro. Ko wuni mutumin bai yi ba."

"To Kaka, jinin fa?"

"Jinin Gwandara ne tsantsa. Ka ma gode Allah, ƙanen kakanka ranar da jaki ya faɗa rijiya aka haife shi."

Gona dai tana nan, kuma gobe Bajamushenmu zai je cirar gyaɗa.

Ku fa, kun tambayi tsofaffinku asalin sunan gidanku, ko kun tafi neman biza?