Binnen Malam Harisu

Duk wanda ya san Malam Harisu a Tafashiya ya san mutum ne da Allah bai ba shi jira ba. Tun yana saurayi haka yake. In za a tafi ɗaurin aure, shi ne zaune cikin mota tun direba bai gama karin kumallo ba. In bazara ta yi nisa, hadari ya ɗan leƙo ta gabas, sai ka hango shi a gona yana binne, yana zuba irin gero cikin busasshiyar ƙasa don ruwan farko ya tarar da shi a ciki. Wata shekara ya riga kowa cin tumu, wata shekara zabi su tone irin tas. Ko sau ɗaya bai daddara ba.

Da wannan halin ya yi ta koyarwa har ya zama hedimastan wata ƙaramar firamare a bayan gari. Kuma a faɗi gaskiya, yana son yaran nan har cikin ransa. Yaro ya yi fashi, kafin azahar babur ɗin Malam na ƙofar gidansu.

To, sai aka kira hedimastoci taro a ofishin ilimi na Kankia, aka ce manhaja ta canza: an haɗe wasu darussa, an cire wasu, sababbin littattafai kuma suna nan tafe. Sauran hedimastoci suka ce Allah ya kawo su lafiya, kowa ya kama gabansa. Mutumin naku kuwa, kafin la'asar ya ɓalle ƙofar sito. Ya fiddo tsofaffin littattafai, waɗanda gara ta ɗanɗana da waɗanda ba ta taɓa ba, ya share kantoci, ya sa aka shafa musu fenti. Da ya rasa inda zai kai tulin, sai ya kira Fadimatu mai ƙosai, wadda ke suya a bakin makarantar, ya ce ta kwashe ta riƙa ƙunshi da su, sun tashi aiki.

Zangon farko ya ƙare, littattafai shiru. Na biyu ya shigo, shiru. Hanyar Kankia ta haddace babur ɗinsa. Ya je, a ce masa su ma jiran suke. Ya dawo, ya zauna a ofis, ya miƙe, ya leƙa sito, kantoci sai ƙyalli suke ba ko fallen takarda. Da ya ji ƙugin mota a titi sai ya bar aji ya fito da alli a hannu. Malamai na koyar da abin da suka tuna da ka. Ga jarrabawar shiga sakandare na matso wa 'yan aji shida, ba su da abin dubawa, kuma wannan ne ya hana shi sakat.

Da abin ya ishe shi, ya nufi Kusada wajen abokinsa Ɗalha, shi ma hedimasta. Ya tarar da yara sun haɗa kai a kan tsofaffin littattafai.

"Da su muke lallaɓawa," in ji Ɗalha. "Ai ba duka aka canza ba. Naku fa?"

Malam Harisu ya sosa ƙeya. Ɗalha ya dube shi, ya gane, ya girgiza kai yana dariya.

"Kai dai ba ka ji. Ka sake yin binne ke nan."

Aro kuwa babu hali, nasu ma ba su ishe su ba.

Da ya dawo bai bi ta gida ba. Ya zarce wajen Fadimatu, ya same ta tana suyar yamma. Ɗiyarta Amatullah na aji shida, kuma ita ce ke zuwa ta ɗaya.

"Sannu da aiki, Fadimatu. Littattafan nan, ko da saura?"

Ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin benci. Bango ne zalla a ciki, sai 'yan shafuka da mai ya jiƙa.

"Mi za ka yi da su, Malam? Ba sababbi sun iso ba?"

"Ba su iso ba."

"To da mi su Amatullah za su yi jarrabawa?"

Ta ajiye matsami a hankali, ta bar ƙosai na ƙonewa. Ita ba ta yi boko ba, abin da Malam ya faɗa shi ne gaskiya a wajenta.

"Ran da na fara yagawa," ta ce, "yarinyar nan ta rungume na lissafi tana kuka, wai in bar mata shi. Na ƙwace. Na ce hedimasta da bakinshi ya ce sun tashi aiki, ke kin fi shi sani ne?"

Kunya da baƙin ciki suka rufe Malam Harisu, irin waɗanda bai taɓa ji ba ko a shekarun da zabi suka cinye masa iri. Ya durƙusa gefen kasko da babbar rigarsa, yana tsintar shafukan ɗaya bayan ɗaya, yana goge man da hannun riga. Wata babbar mota ta yi ƙugi a titi, ta rage gudu. Ya ji ta sarai, amma bai ɗaga kai ba.