Baba Jonah, wanda ya sa na faɗi sunan 'yata

Kullum ƙarfe takwas Baba Jonah yake jingine kekensa a jikin shagon tela da ke bayan tashar Birnin Kudu. Sai ya kafa teburinsa, ya ɗora biro uku da dutsen da yake danne takardu da shi. Tsohon saje ne, akawu ya yi a bariki. Shekara goma sha tara ke nan yana cika wa sojojin da suka ajiye kaki takardun fansho da na haraji da na inshorar lafiya. Ƙarshen watan nan zai naɗe teburin, idonsa ya yi yana. Ba wanda ya shirya masa taro, ko wasiƙar godiya ba a aiko ba. Abin ya ci mini rai, shi ya sa na ɗauki biro.

Yana da doka ɗaya da maza suka tsana: ba ya taɓa fom ɗin soja sai matarsa ko uwarsa tana zaune. Salihu na Fagam ya taɓa yi masa tsawa a kan haka, ya koma wurin 'yan kamasho. Bayan wata shida ya dawo da matarsa a bayan babur, don ita ce ta san takardar shaidar harajinsa tana ƙasan akwatinta. Mutanen tasha suna nan, a tambaye su.

Ga nawa. Maigidana kofur ne, ya bar soja da rauni a ƙafa. 'Ya'yanmu biyu, babbar mai sikila ce. Sau uku yana kai fayil ɗin inshorar lafiyarmu wani ofishi a birni, sau uku ana buga masa hatimi ba tare da an ɗaga kai an dube shi ba. Saura kwana tara a rufe fayil ɗin muka taso daga Maruta, kuma duk sunan da ba ya ciki, asibiti ba ta san da shi ba.

Baba Jonah ya karanta fom ɗin a bayyane, sannan ya dube ni.

"'Yata, haihuwarki nawa?"

"Biyu, Baba."

"To ni ɗaya na gani. Kofur, ɗayar kura ce ta ɗauke?"

Maigidana ya sunkuyar da kai. "Saje, ai ka sani. Ta fari ce. Tana wajen Inna."

A wajenmu mutum ba ya kama sunan ɗan fari. A gaban abokan aikinsa ya cike fom ɗin, kunya ta kama shi, ya tsallake ta. Yarinyar da ta fi kowa bukatar katin asibiti!

"Kofur, gwamnati ba surukarka ba ce, ba ta san kunya ba," in ji Baba Jonah. "Faɗi sunan."

Ya buɗe baki, ya kasa. Sai tsohon ya juyo da biro wajena. Ni ma fa ban taɓa faɗinsa cikin mutane ba, "yarinyar nan" nake cewa. Na tuna yadda take ƙanƙame hannuna idan ciwon ya sauka a ƙashinta. Na ce, "Jannat!" da ƙarfin da ya sa tela ya tsayar da kekensa.

Baba Jonah ne ya raka mu Gwaram neman takardar haihuwa, shi ya tsaya mana wajen takardar rantsuwa, shi ya bi fayil ɗin da ƙafarsa har birni. Da daminar bana aka ƙara mata jini da katin nan.

Baba Jonah, kai ne ka yi tambayar da masu kwat da hatimi suka raina. Su ana biyan su albashi don su yi ta, kai a rana kake zaune. Kai ne idon waɗanda aka sallama aka manta. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya saka maka da alheri a kan 'ya'yanka.

Ku kuma tsofaffin akawun soja da ke zaune a gida daga Surko har Fagam, teburin nan zai zama babu kowa. Ɗayanku ya zo ya zauna, ya riƙe dokar Baba. Matan sojoji, kada ku yarda a kai fom sai an karanta muku, ku ƙirga 'ya'yanku da kunnenku.

Dangi sun ce na yi rashin kunya rannan. Na ji. Sunanta Jannat, shekararta shida, yanzu haka tana tsakar gida tana yi wa ƙaninta faɗa.